Sunan Da Na Tsallake A Littafin Zango

Shekara shida ke nan ko bakwai, lokacin ina zaune a Injamena ina aikin kwamfuta, wannan abu ya same ni, kuma na rantse da wanda raina ke hannunsa ban ƙara masa gishiri ba. Ku da ke karantawa, wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya bari, don ni kaina da wani ne ya kawo mini wannan labarin a wancan lokacin, dariya zan yi masa har in riƙe ciki. Ni fa mutum ne da a lokacin nake ganin duk garin nan babu mai kai sai ni, daga Kano na zo, na yi karatuna, na san aikina, saboda haka kowa kallon baƙauye nake yi masa, har da wanda ya ba ni wurin kwana.

Mai masaukina shi ne Alhaji Abakar, babban ɗan kasuwar gwanjo a Dembe. Shi ya ba ni ɗaki a gidansa, shi ya tsaya mini na samu takardar zama, kuma shi ne shugaban wata ƙungiya ta jikokin mahajjatan da, wato Hausawan da kakanninsu suka taso da ƙafa za su Makka, suka yada zango a nan, zangon ya zama gida. Hausarsu kuwa, kai jama'a, rabi Larabcin Chadi ce, kwata Faransanci, abin da ya rage shi ne Hausar, in suna magana sai in riƙa cije leɓe kada dariya ta kufce mini. Alhaji mutum ne mai son a san shi ɗan asali ne. Ba zai sha shayi kofi biyu ba sai ya gaya maka cewa mahaifinsa, Madugun zangon da kansa ne ya tarbe shi ranar da ya sauka garin nan. Na ji wannan zance har na haddace inda yake tsayawa ya yi gyaran murya.

To su mutanen nan suna da wata al'ada tun ta kakanni. Baƙo in ya sauka a zango, ba a ba shi wurin shimfiɗa tabarma sai wani ya tsaya masa, liman ya rubuta a littafi: wane ɗan wane, daga gari kaza, wane ne ya tsaya masa. Shi ma wanda ya tsaya ɗin akwai wanda ya tsaya masa, haka haka har a kai ga Madugun farko. Amfanin littafin a zamaninmu guda ɗaya ne tak. Suna da wani ɗan fili a wajen Tukra inda suke binne matattunsu tun da can, gidaje sun taso sun matse shi ta ko'ina, wuri ya yi kaɗan, sai kwamiti ya yanke cewa ba za a ƙara binne kowa a ciki ba sai wanda sunan kakansa ke cikin littafi. Littafin kuma gara ta fara yi masa ɓarna, sai suka ce a juye shi a shafin intanet, mai gadin maƙabarta ya riƙa dubawa a wayarsa. Samarinsu masu taƙama da difloma ba wanda ya iya karanta tsohon ajamin Hausa, ni kuwa na yi makarantar allo kafin boko, shi ya sa aikin ya faɗo hannuna.

Na yi sati uku ina ɗaukar hoton shafukan ina juyewa. Ana nan ran nan na iso wani shafi mai tabon ruwa, na karanta layi biyu, na sake karantawa, sai na kwashe da dariya ni kaɗai. Layin farko ya ce Tanko majemi, Madugu ya tsaya masa. Na biyu ya ce Idi ɗan Audu, ya iso ba riga ba takalmi, an tare su a hanya an kwashe komai, Tanko majemi ya tsaya masa, ya ba shi ɗaki, ya yi jinyarsa. Idi ɗan Audu kuwa shi ne mahaifin Alhaji Abakar. Ashe duk Madugun nan da ake cika mana kunne da shi, mai jimar fata ne, mutumin da ke kwana cikin wari.

Da na nuna wa Alhaji, bai ko kalli littafin ba, alamar ya daɗe da sani. Ya rage murya ya ce, "Ɗana, wannan layin mafi fayda, ba shi da amfani. Cire shi. Ka sa Madugu ne ya tsaya wa babana, kalas."

Na ce, "To Alhaji, zuriyar shi Tankon fa?"

Ya ce, "Su wa? Masu gyaran babur ɗin Shagwa? Maƙabartar gari ba ta cika ba."

Wallahi ban yi masa musu ba ko na minti ɗaya. Na raina Alhaji a ranar, raini mai tsanani, amma shi Tankon da jikokinsa ma ban ɗauke su a bakin komai ba, ina ruwana da wani majemi da ya mutu tun ba a haife ni ba? Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, a ɗakin mutumin nan nake kwana. Na danna, layin ya tafi, na ɗaura Idi a jikin Madugu, na wuce shafi na gaba.

Saura aiki ɗaya a buɗe shafi, wato sa satifiket. Bari in yi muku bayani a gajarce. In kun buɗe shafi a waya kuna ganin wani ɗan kwado a sama kusa da adireshi, to wannan kwadon shaida ce cewa shafin na gaskiya ne. Satifiket ake ɗora wa na'urar da ke riƙe da shafin, mu muna ce mata saba, su can suna cewa serber. Shi kuma satifiket ba ya tsayawa shi kaɗai. Naka wani kamfani ne ya sa masa hannu, shi kuma kamfanin wani babba ne ya sa masa hannu, wanda duk wayoyin duniya suka san shi. Uku ke nan, naka, da na tsakiya, da babba. In na tsakiya ya ɓace, waya sai ta ce ba ta san ka ba, ta watso jan gargaɗi a fuska, mutane su tsorata su gudu. Aikin minti goma sha biyar ne, na yi shi ya fi a ƙirga.

Sabar tasu kuwa abin kunya ce. Na ce musu a yi hayar wuri a waje kamar yadda masu hankali ke yi, kwamiti ya ce sunayen kakanninsu ba za su kwana a ƙasar da ba su sani ba. Saboda haka wata tsohuwar kwamfuta aka samo, aka ɗora ta kan tebur a sito na bayan shagon Alhaji, tsakanin dilolin gwanjo, da fanka guda tana hura mata iska mai zafi, ga batura biyu a ƙasa saboda wutar garin da ke zuwa kamar baƙuwa. Ɗakin ba taga, ƙofarsa ɗaya, kuma sai ka ratsa ta gaban Alhaji da abokan shayinsa kafin ka shiga. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Ranar Litinin na ɗora satifiket, na sake tayar da saba, na buɗe a kwamfutata, lafiya lau. Na buɗe a waya, ja. Na yi tsaki, na ce na tsakiya ne, ƙaramin abu. Na buɗe fayil ɗin da na jera su uku a ciki, sai na ga biyu, nawa a sama, babba a ƙasa, tsakiya fili fetal. Na ce watakila ni na yi mantuwa, ko da yake ni ba na irin wannan mantuwar. Na sake liƙa shi, na adana, na duba da idona yana nan, na tayar da saba, na buɗe waya, ja. Na koma fayil, babu shi.

Daga nan na bi duk abin da ake bi. Na duba agogon na'urar ko ya kauce, daidai yake. Na gwada makulli da satifiket ko ba su dace ba, sun dace. Na duba sunan shafin harafi harafi. Na sake sauko da na tsakiyan daga wurin kamfanin, na raba shi a fayil nasa daban, na kulle fayil ɗin yadda ko ni ba zan iya taɓa shi ba sai na buɗe da gangan. Na tayar, na duba, fayil yana nan da sunansa, a kulle, cikinsa babu ko ɗigo. A nan na fara zargin mutane. Na ce ɗaya daga cikin samarin difloman nan ne ke shigowa ta waya yana yi mini zagon ƙasa don baƙin cikin an ba Bakano aiki. Na canza duk kalmomin sirri, na zare wayar intanet ɗin gaba ɗaya daga jikin na'urar, na zauna ni da ita kamar mai gadin mara lafiya, na sa, na tayar, ya ɓace a gabana.

Ranar Talata ina cikin wannan masifa, gumi har cikin ido, don lokacin bazara ne, zafin Injamena kuwa sai wanda ya ɗanɗana, sai wani mutum ya yi sallama a bakin sito. Zai yi shekara hamsin da wani abu, riga duk baƙin mai, farce baƙi ƙirin. Ya ce sunansa Isiyaku, yana gyaran babur a Shagwa, kuma shi jikan Tanko ne. Ya ce mahaifiyarsa, Iya Hawwa, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Tanko, ta tsufa tukuf, kwana tara ke nan ba ta cin komai sai ruwa, kuma magana ɗaya take maimaitawa, a kwantar da ita kusa da babanta a Tukra. Ya je wurin Alhaji, Alhaji ya ce sunansu bai fito ba, in shafi ya buɗe ya duba da kansa.

Ya ce, "Malam, an ce kai ka karanta kitab ɗin da idonka. Fisabilillahi, kakana yana ciki ko ba ya ciki? Kalma wahid kawai nake so."

Jama'a, hoton shafin nan yana cikin wayar da ke aljihuna a lokacin. Amma abin da na gani a gabana shi ne wani mai baƙin hannu da ya dafa mini tebur yana neman ɓata mini takardu, ga Alhaji a waje yana leƙowa. Na ce, "Malam, ɗaga hannunka daga nan. Ni abin da aka ba ni nake rubutawa, ni ba alƙali ba ne." Ya janye hannun, ya goge shi a riga kamar shi ne mai laifi, ya roƙi lambata ko da wani abu zai taso. Na ba shi don ya tafi, ya kira na ga tasa, na adana ta da suna Baƙin Mai. Har wani daɗi na ji na wannan suna.

Laraba ta wuce a banza. Na goge manhajar sabar gaba ɗaya na sake ɗora sabuwa, na nemi kamfanin ya sake ba ni wani satifiket, suka ba ni, duk kanwar ja ce. 'Yan kwamiti suka fara zuwa suna tsayawa a kaina suna ba da shawara. Wani ya ce a zuba wa na'urar turare, wani ya ce ƙanin matarsa ya yi karatu a Kamaru a kira shi, wani dattijo kuma da na yi masa bayanin su uku ɗin nan don ya ƙyale ni, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ai sahi, gaskiya ne, ɗana. Wanda ba a tsaya masa ba ba ya shiga." Na ce a raina, ji tsoho, ana zancen ilimi yana zancen zango.

Ranar Alhamis da hantsi wayata ta yi ta ruri a kan tebur, na duba, Baƙin Mai. Na kife ta. Ta sake, na kashe mata murya gaba ɗaya. Rana ta take, wajen sha biyu saura, kasuwa na ta hayaniyarta a waje, masu klando, wato 'yan acaɓa, na ta hon, sai na ji wani wari ya cika ɗakin. Ba warin gwanjo ba, wannan na saba da shi. Warin ɗanyar fata ce da aka jiƙa, haɗe da bagaruwa da toka, irin wanda duk wanda ya taɓa bi ta unguwar majema ya sani, mai kama maƙogwaro. Na waiwaya in ga ko ɓera ne ya mutu a cikin dila, sai na ga tsoho zaune a kan dila ɗaya, nan kusa da ni, da zan miƙa hannu da na taɓa shi.

Ba wani abin tsoro a jikinsa, na rantse. Gajere ne, siriri, da 'yar shara ta saƙi wadda ta sha jiki, irin wadda ban taɓa gani a jikin mai rai ba sai a hoto, ƙafa ba takalmi. Hannuwansa ne kawai na lura da su, daga yatsu har gwiwar hannu sun rine, wani ja mai duhu kamar goron da ya kwana. Ya ɗora su kan gwiwoyinsa yana kallon allon kwamfutar, ba ni ba.

Ya ce, "Samari, kai ne mai rubutun?"

Hausarsa ce ta fara ba ni mamaki, tsantsa, babu Larabci ko ɗaya, irin ta kakata. Amma maimakon in yi tunani, sai haushi ya kama ni, na ce wato har almajiran tsofaffi Alhaji ke bari su shigo mini wurin aiki. Na ce, "Baba, nan ba wurin sadaka ba ne. Ka fita gaba wurin Alhaji."

Ya ɗan murmusa ya ce, "Ɗan Idi? Uban na goya da zazzaɓi, ɗan zan roƙa?"

Na ce, "To me kake so? Kana gani aiki nake."

Ba zan ce na riƙe kalmominsa ɗaya bayan ɗaya ba, amma abin da ya ce bai wuce wannan ba: "Ni ba don kaina na zo ba, ina da wurin kwanciyata. Yarinya ce ke cikin rana. Ka hanzarta, samari, yarinya na cikin rana."

Na ce wace yarinya kuma, daidai nan baturi ya yi ƙara alamar an ɗauke wuta, na juya na duba, na juyo, babu kowa a kan dila. Warin dai yana nan.

Na fito na tarar da Alhaji da abokansa a bakin ƙofa, ƙafafunsu ma sun tare hanyar, sai da na tsallake. Na ce wane ne ya bar tsohon nan ya shiga? Suka kalli juna. Suka ce tun safe ba wanda ya wuce sai ni. Ɗaya ya ce zafi ya taɓa kan Bakano, a ba shi ruwa, suka yi ta dariya. Na ce tsoho mai jan hannu, mai warin jima. Sauran suka ci gaba da dariyarsu, Alhaji kuwa ya ajiye kofinsa a ƙasa a hankali, bai kalle ni ba, ya ce, "Je ka gama aikinka."

To a nan ne nake so ku tofa mini yawu, don na cancanta. Duk mai hankali a wannan lokacin ya san abin da zai yi. Ni kuwa sai girman kai ya ce mini, kai da iliminka, tsohon kasuwa ya ruɗa ka? Wataƙila ta bayan diloli ya sulale. Na tafi na zauna a rumfar mai abinci, na ci kisar, wata siririyar wainarsu, da miyar kuɓewa, na sha ruwan sanyi, na yi azahar, na dawo na sake gwada wasu dabaru biyu da na tuno. Kusan awa biyu da rabi na kashe. Sai da dabara ta ƙare mini kaf, warin nan kuma ya ƙi barin hancina, sannan na ce bari in yi abin nan don in ƙaryata kaina, tunda jerin sunaye da satifiket ba abin da ya haɗa su, kamar ka ɗaure akuya a Kano ne ka ce ruwa zai tsaya a Zariya.

Na buɗe hoton shafin, na mayar da Tanko majemi ƙarƙashin Madugu, na kwance Idi na mayar da shi ƙarƙashin Tanko. Ban taɓa fayil ɗin satifiket ba, ban sake tayar da saba ba, Allah shi ne shaidata. Na ɗauki waya in duba, sai ga ɗan kwado a rufe, shafi ya buɗe fes. Na buɗe fayil ɗin da kwana huɗu yake wofi, ga na tsakiya zaune a wurinsa. Tsigar jikina ta tashi, kuma a nan ne idona ya sauka kan kiran da aka yi ta yi mini tun safe, Baƙin Mai, Baƙin Mai, Baƙin Mai, har ƙasan allo.

Na kira, ba a ɗauka ba. Na fita da gudu ko sallama ban yi wa Alhaji ba, na tare klando na ce Shagwa, ina tambaya garejin Isiyaku mai babur har aka nuna mini lungun. Tun daga bakin lungu na hango tabarmi a shimfiɗe, maza zaune jingine da bango, ana ta shafa fatiha. Ihu bayan hari na zo yi.

Wani maƙwabcinsu ne ya ba ni labari a tsaye. Iya Hawwa ta cika da asuba. Aka yi mata sutura, aka sallace ta, aka ɗauke ta a bayan mota har Tukra. Mai gadi ya ce shi umarni aka ba shi, shafi bai buɗe ba, ya kira Alhaji, Alhaji ya ce sunansu babu. Isiyaku ya ce akwai wanda ya ga littafi, a ba shi lokaci ya same shi a waya. Suka tsaya a bakin ƙofar, ba inuwa ko ta bishiya ɗaya, gawa a bayan buɗaɗɗiyar mota, mutane na riƙe da zani a kanta suna kare mata rana, daga hantsi har azahar. Kabarin babanta kuwa ana hango shi ta saman katanga. Da malamai suka ce ba ya halatta a ci gaba da ajiye ta haka, sai aka juya da ita, aka ratsa gari gaba ɗaya zuwa babbar maƙabarta can arewa. Na tambaye shi ƙarfe nawa suka bar Tukra. Da ya faɗa, na lissafa, lokacin ina wanke hannu daga miyar kuɓewa.

Na ƙarasa wurin Isiyaku na durƙusa, na yi masa gaisuwa, kuma don rashin hankali irin nawa sai na miƙa masa wayar, wai ga sunan kakansa ya fito, ga kwado ya rufe. Ya karɓa da hannun nan da na ce ya ɗaga mini daga tebur, ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni.

Ya ce, "Madalla, Malam. Ya yi kyau. Sai dai wadda za a nuna wa ta tafi."

Na yunƙura zan tashi, sai ya riƙe mini hannun riga, ya matso da fuskarsa, ya shaƙa, ya sake shaƙa. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ina ka shiga? Kana warin gidanmu na da. Tun ina yaro aka rufe ramin jima, ranar da Kaka ya rasu." Na tashi na bar lungun.

Washegari Alhaji ya ga shafin, ya kira ni zaure ya ce in cire layin. Na ce ga kalmar sirri, ga na'ura, ya sa duk wanda ya ga dama ya cire, ni dai hannuna ba zai ƙara ba. Ya ce to in nemi wani ya tsaya mini. Na tattara kayana a ranar, bayan wata ɗaya na bar garin. Abin da na sani shi ne bai sa kowa ya cire ba, shi da ke da samarin difloma cike da gida, kuma an ce tun daga lokacin bai ƙara shiga siton nan da ƙafarsa ba, bai kuma ƙara ba kowa labarin Madugu ba.

Ga abin da ya sa na zauna na rubuta muku wannan. Satifiket ɗin nan na shekara ɗaya ne, duk wanda ya san aikin ya san in wa'adinsa ya cika dole a sabunta, in ba haka ba ja zai dawo. Ba wanda ya sabunta shi, na bincika. Watan jiya hannuna ya yi ƙaiƙayi na buɗe shafin, ga kwado a rufe. Na shiga na duba ranar ƙarewarsa, ta wuce da shekaru, amma waya ta karɓe shi ba musu, na gwada a waya uku. Na nuna wa wani abokin aikina, ya yi ta ƙwaƙule-ƙwaƙule, ƙarshe ya ce in rufe abin nan, kuma wai me na taka ne ofis ke wari haka.

Ban ce ku yarda da ni ba. Amma ku masu aikin danne-danne irina, in aka ba ku jerin sunayen mutane aka ce ku cire layi ɗaya, ku tambaya na wane ne, kuma wa ke rataye a jikinsa. In kuma wani mai dattin hannu ya kira ku, ku ɗauka. Ni lambar Isiyaku tana nan a wayata, na canza waya sau uku tana bina, na daɗe da gyara sunan, amma ban taɓa samun ƙarfin halin kiransa ba.